Cincin ɗin suna da kumburin leɓe: Kayan ƙwalama ga yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, madara ko ƙwai



Wata ranar Juma'a da yamma, ranar da kasuwar Paiko ke ci, wata baiwar Allah ta shigo kantin maganin da nake aiki a Minna, da goyo a bayanta, tana janye da hannun ɗanta da bai wuce shekara huɗu ba. Leɓensa na sama ya kumbura suntum, ido ɗaya ya kusa rufewa, wuyansa da ƙirjinsa duk sun yi ruɗu-ruɗu, sai susa yake. Ta ce, "Malama, Piriton za ki ba ni, borin jininsa ne ya tashi."

Kafin in taɓa kowane magani sai da na sa shi ya faɗa mini sunansa, don in ji ko muryarsa ta dushe, na saurari numfashinsa, na tambayi ko ya yi amai. Allah Ya taimaka, abin bai sauka maƙogwaro ba. Duk da haka na ce daga nan asibiti za su wuce, ba gida ba.

Abin da ya ɗaure wa uwar kai shi ne ta san ɗanta ba ya shiri da gyaɗa tun yana ɗan shekara biyu. Daga gidan suna suke a Paiko, kuma ta tsare shi tsaf: ba ƙuli-ƙuli, ba dakuwa, ba tsire. Cincin kawai ta ɗebar masa a hannu. Na ce da wane mai aka soya cincin ɗin? Ta yi shiru, sannan ta kira ƙanwarta a waya. Man ƙuli ne, sabon matsa, wanda aka zaɓa musamman don ya fi ƙamshi.

Bayan wasu makonni ta dawo sayen wani maganin, ta ce mini ta daina zuwa da shi taro. Ranar Sallah ma a ɗaki ta bar shi lokacin da 'yan uwansa ke yawon gidajen dangi, yana kuka tana kuka. Wannan maganar ce ta sa na zauna rubuta wannan. Yaron da jikinsa ba ya karɓar wani abinci ba sai an kulle shi ba. Abin da yake buƙata shi ne robarsa ta kansa, cike da abin da aka yi masa a gida, mai daɗin da sauran yara za su ce a sam musu.

Borin jini daban, ɓacin ciki daban

Abu uku ne muke haɗawa wuri ɗaya mu ce "ba ya shiri da shi", alhali ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne wanda likitoci ke kira aleji. Garkuwar jiki ce ke ɗaukar furotin ɗin da ke cikin wani abinci a matsayin abokin gaba, ta yaƙe shi. Yawanci cikin 'yan mintuna zuwa awa biyu za ki ga borin jini, kumburin leɓe ko ido, amai, wani lokaci sarƙewar numfashi. Ba ya buƙatar abinci mai yawa. Abin da ya maƙale a cokali ya isa. Kuma tashin jiya ba ya nuna girman tashin gobe. Amurka ta ware abinci tara da suka fi jawo shi: madara, ƙwai, gyaɗa, 'ya'yan itatuwa masu ɓawo irin su yazawa, alkama, waken suya, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, sai riɗi da aka ƙara daga 1 ga Janairun 2023. Tarayyar Turai tata 14 ce. Ki dubi wannan jeri ki dubi faifan kayan gara: alkaki alkama ne, dubulan fulawa da ƙwai, tuwon madara da gullisuwa da iloka madara, kantu riɗi, dakuwa gyaɗa. Kusan babu wanda ya tsira.

Na biyu shi ne rashin iya narkar da sukarin madara, wato laktos. Wannan ba ruwansa da garkuwar jiki. Ciki ne zai kumbura, ya yi ta ƙugi, a yi zawo. Yana da yawa a tsakanin manya a Afirka ta Yamma, ko da yake Fulani da dama sun gaji iya narkar da shi har tsufa. Mai wannan matsala sau da yawa yana shan kindirmo ko nono lafiya, domin tsamin ya cinye wani kaso na sukarin. Amma yaron da ke da alejin madara, kindirmo ma haɗari ne gare shi, haka man shanu, haka cuku. Nonon akuya ma ba mafita ba ne, don furotin ɗinsa ya yi kama da na saniya ƙwarai, mafi yawan yaran da ba sa karɓar wannan ba sa karɓar wancan. Na sha jin an ba da wannan shawarar a gidajen suna, kuma ba daidai ba ce.

Na uku cutar siliyak ce, inda sinadarin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir ke lalata bangon hanji a hankali. Ba kumburin leɓe, sai yaro ya ƙi girma, cikinsa ya yi ƙato, jininsa ya yi ƙasa. Gwajin asibiti ne ke tabbatar da ita, kuma kada ki cire masa alkama kafin a yi gwajin, don hakan na iya ɓoye sakamakon.

Dalilin wannan dogon bayani shi ne kada ki yanke wa ɗanki hukunci da kanki. Na ga uwar da ta cire wa 'yarta madara da ƙwai da gyaɗa da kifi gaba ɗaya saboda ƙuraje, daga baya ta tabbata ƙazuwa ce. Yarinyar ta rame a banza. Ki samu littafi ki riƙa rubuta abin da ya ci, da ƙarfe nawa, da abin da ya biyo baya, ki ɗauki hoton kumburin da waya, ki kai wa likitan yara.

Inda gyaɗa ke ɓuya

A nan ne aikin yake, domin mu a Neja gyaɗa tana ko'ina. Ƙulin Bida ya yi suna har Legas.

Matsala ta farko a bakinmu take. Duk wani farin mai na girki "man gyaɗa" muke ce masa, ko da na kwakwar manja ne da aka tace ko na waken suya. Don haka idan kika tambayi mai biki, "Da man gyaɗa aka soya?" za ta ce eh, kuma ba ki ƙaru da komai ba. Tambayar ita ce: man ƙuli ne ko na kamfani? Man da masu ƙuli ke matsewa da hannu ko da ƙaramin inji yana ɗauke da furotin ɗin gyaɗar, wanda shi ne ke tayar da ciwon. Man da ake aunawa a kwalba a kasuwa kuma ba ki san abin da aka gauraya a jarkar ba. Ga yaro irin wannan, ki sayi mai a rufe, wanda aka rubuta daga abin da aka yi shi, ki ware masa. Kada a soya masa a man da aka riga aka soya wani abu.

Ta biyu injin niƙa. Ki tsaya minti goma a wurin mai inji ki gani: wannan ta kawo gyaɗar kunu, wannan waken suya na awara, wannan alkama, sai ke da shinkafar masarki. Ɗauraya da kofi ɗaya na ruwa ba ta fitar da abin da ya maƙale a haƙoran inji. Ko dai ki zama ta farko da asuba bayan an wanke shi a gabanki, ko ki yi amfani da bilenda a gida, ko ki koma ga turmi. Turmin ma a ware, domin itace yana shan mai; turmin da aka taɓa kirɓa dakuwa a ciki ba na ɗanki ba ne. Haka muciya, haka rariya.

Sauran kin san su idan aka tuna miki: yajin tsire da na kilishi akwai ƙuli, miyar taushen da ake zuba wa masa akwai gyaɗa, kwaɗon zogale da na rama akwai ƙuli. Botar da ake yin kek da ita, ko da ta man itace ce, sau da yawa akwai madara a ciki, sai kin karanta. Ƙa'idojin NAFDAC sun wajabta wa kamfanoni bayyana irin waɗannan sinadarai a jikin kaya, don haka karatun bayan leda ba ɓata lokaci ba ne. Ki karanta duk lokacin da kika saya, don kamfani na iya sauya haɗinsa.

Akwai kuma masu sunan tsoro da ba su da laifi. Gyaɗar ƙamshi ba gyaɗa ba ce, ƙwallon wata bishiya ce daban. Aya ba dangin gyaɗa ba ce, saiwa ce kamar dankali. Wake da gurjiya da waken suya su ne danginta na gaskiya, amma mafi yawan masu alejin gyaɗa suna cin su lafiya. Idan ɗanki ya saba ci ba matsala, kada ki hana shi.

Dabarar da ke cikin ƙullun masa

A Turai da Amurka mutane na biyan kuɗi mai yawa don sayen burodin da ba alkama. Mu kuwa mun gaji masa da sinasir. Ki lura da abin da mahaifiyarki ke yi: idan ta jiƙa shinkafar tuwo, sai ta dafa wani kaso ta zuba a cikin ɗanyar kafin a markaɗa. Wannan dafaffen shi ke riƙe ƙullun ya hana masar wargajewa, aikin da gulutin ke yi a fulawa, ƙwai kuma ke yi a kek. Idan kika gane wannan, kin gane rabin girkin masu aleji: duk abin da kika cire, ki nemo mai riƙewa a madadinsa.

Masar shinkafa da yis da sukari da ɗan gishiri, ba nono, ba fulawa, a tanda mai tsabta da mai na kamfani, ba ta da gyaɗa, ba madara, ba ƙwai, ba alkama. Ki yi ta ƙanana, ki yaryaɗa mata narkakkiyar mazarƙwaila. Nakiya ma shinkafa ce da kayan ƙamshi da zaƙi. Man ne kawai za ki sauya. Gero da dawa da acca duk ba su da gulutin. Cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi, nan kusa da Bida, shinkafa da acca na cikin amfanin gonar da aka ɗora mata bincike a kansu, amma har yanzu a gidajenmu da yawa acca abincin masu ciwon sukari ce kawai. Ki gwada fankenta da ayaba ki ji.

Ga abubuwa huɗu da nake yi a gidana. Awon da gwangwanin madara ƙarami ne, wanda kowa ya sani. Idan madarar ce matsalar ɗanki, kada ki yi awo da gwangwanin da aka fasa jiya. Ki auna girmansa a wani kofi ki ajiye kofin.

Kek ɗin ayaba, ba ƙwai ba madara. Ki samu ayaba 3 da suka nuna har bayansu ya fara baƙi, irin waɗanda mai talla ke neman rabuwa da su. Ki dame su da cokali mai yatsu, ki zuba mai rabin gwangwani, sukari rabin gwangwani, ruwan lemun tsami ƙaramin cokali 1. A wani kwano ki tankaɗe fulawa gwangwani 2 da bekin foda ƙaramin cokali 1, bekin soda rabin ƙaramin cokali, da ɗan gishiri. Ki haɗa su ki juya har garin ya ɓace kawai, kada ki buga. Bugu yana sa shi tauri. Idan ya yi kauri da yawa ki ƙara ruwa cokali 2 ko 3. Ƙa'idar ita ce rabin ayaba yana tsaya wa ƙwai ɗaya. Amma gaskiya ɗaya: wannan dabara tana aiki ne a haɗin da ke neman ƙwai ɗaya ko biyu. Kek ɗin biki mai ƙwai goma sha biyar ba ya yiwuwa da ayaba, kada ki yi asarar fulawarki.

Cincin, ba ƙwai ba madara ba bota. Fulawa gwangwani 4, sukari gwangwani ɗaya ba cika ba, bekin foda ƙaramin cokali 1, gishiri da gyaɗar ƙamshi. Ki zuba mai babban cokali 5 ki murje da hannu har ya yi kamar tsaki, sannan ki riƙa zuba ruwa ko madarar kwakwa kaɗan-kaɗan har ya haɗu da ɗan tauri. Ki rufe minti 15, ki murza, ki yanka, ki soya a wuta matsakaiciya. Yana fin na ƙwai ƙaras-ƙaras, kuma yana daɗewa a roba. Ban taɓa kai shi taro wani ya gane ba ƙwai a ciki ba.

Curin dankali, ga wanda alkama ma ba ta karɓe shi ba. Ki dafa dankalin Hausa, in kin samu mai jan ciki ya fi, don yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Ki tsane shi sosai ki dame da zafinsa. Kashi biyu na dankali, kashi ɗaya na sitacin rogo ko garin shinkafa mai laushi, ɗan gishiri, sukari kaɗan ko ma babu. Ki cura ƙanana ki soya a wuta marar ƙarfi kina juyawa. Da sitaci yana yin danƙo a ciki, da garin shinkafa yana yin garas. Doyar Paiko ma tana yi, sai dai ita ta fi dacewa da albasa da attaruhu. Sitacin ya zama wanda aka sarrafa aka busar da kyau. Ɗanyen rogo mai ɗaci yana da guba, ba a yi masa gaggawa.

Dakuwar aya zalla. Ki wanke ƙananan aya ki tsince tsakuwa, ki shanya ta bushe, ki soya a kasko ba mai har ta yi ƙamshi. Ki niƙa ki tankaɗe. Ki cire ƙwallon dabino, ki kirɓa shi da garin ayar da citta da kanumfari kaɗan, da ɗigon mai don ya haɗu, ki dunƙula. Ba ta kai ta gyaɗa maiƙo ba, amma dabinon ya wadatar, ba sai kin sa sukari ba.

Wanda ba ta da obin, tukunya ta isa. Ki zuba yashi mai tsabta ko gishiri kamar kaurin yatsu biyu a tukunya mai kauri, ki rufe ta yi zafi minti 10 zuwa 15, ki ɗora ƙananan duwatsu ko murfin tukunya a kan yashin, sannan gwangwanayen kek a sama. Wutar ƙasa kaɗan, garwashi kaɗan a kan murfi don saman ya yi ja. Kada ki buɗe kafin minti 20. Ƙananan gwangwani sukan gasu cikin minti 20 zuwa 25, babba ya kai 40 ko fiye. Ki soka tsinke, in ya fito a bushe ya yi. Roƙona ɗaya: gawayi a tsakar gida ko inda iska ke shiga. Hayaƙinsa marar wari yana kisa a rufaffen ɗaki, musamman lokacin sanyi da ake toshe tagogi.

Abu biyu a gefe. Tun 2002 Najeriya ta wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki na kamfani, shi ne tambarin ido da kike gani a jikin buhu. Garin da kika niƙa a gida ba shi da wannan ƙari, kuma yaron da aka cire wa madara ya rasa babbar hanyar samun sinadarin ƙarfin ƙashi. Ki tattauna da likita ko masanin abinci kan abin da zai cike gurbin. Kunun aya da madarar kwakwa na girki ne da sha'awa, ba sa maye gurbin nonon uwa ko madarar jarirai.

Kuma don abu ba shi da gyaɗa ba ya nufin a ci ba iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, in ya sauka zuwa kashi 5 ya fi, wato kimanin ƙaramin cokali 6 ga babba. Zuma da mazarƙwaila duk suna cikin lissafin. Zuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba ko ɗigo, saboda ƙwayar cutar da ke iya shanye masa jiki. Gyaɗa da aya guda-guda kuma ba na 'yan ƙasa da shekara 5 ba ne, suna sarƙe maƙoshi.

Idan abin ya faru

Wannan sashen ki yanke shi ki liƙa a bango.

Idan borin jini ne kawai ko kumburin leɓe, yaro na numfashi lafiya yana magana, maganin ƙaiƙayi irin cetirizine ko loratadine yana taimakawa, a awon da ya dace da shekarunsa. Na fi son su a kan Piriton, domin shi yana sa barci, sai ki kasa gane barcin magani ne ko yaron ne ke galabaita. Ki zauna kusa da shi kina lura.

Amma idan kika ji murya ta dushe, ko tari ba tsayawa, ko numfashi na fita da ƙara, ko harshe ya kumbura, ko ya kasa haɗiye yawu, ko ya yi laushi yana neman suma, wannan shi ne anafilaksis, kuma ba Piriton da zai tsayar da shi. Ba dexamethasone, ba prednisolone. Waɗannan sai bayan awanni suke fara aiki. Maganinsa allurar adrenalin ce a tsokar cinya ta waje, da wuri. Kada a ɗura masa manja, kada a ɗura madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. Ki kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa; in numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a zaune. Kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi. Ko ya warware bayan allura sai ya zauna a asibiti na wasu awanni, domin abin kan dawo karo na biyu. Yaron da ke da asma haɗarinsa ya fi, don haka a kula da maganin asmarsa.

Allurar da iyaye ke yawo da ita a jaka a ƙasashen waje, irin EpiPen, tana da wuyar samu a nan kuma da tsada. Daga Paiko zuwa Minna kimanin kilomita 25 ne, kuma wanda ya san hanyar Suleja ranar kasuwa, da tireloli da motocin doya, ya san ba tafiyar da za a dogara da ita ba ce idan numfashi na ƙarewa. Don haka maigida, wannan aikinka ne: tun yau, lafiya lau, ka je asibiti ko cibiyar lafiya mafi kusa da gidanka ka tambaya ko suna ajiye adrenalin, da wanda ke kwana a wurin da dare. In babu, ka san na gaba. Ka roƙi likita ya rubuta muku takarda mai sunan abin da yaron ba ya ci da matakan da za a bi, kwafi ɗaya a gida, ɗaya a makarantar boko, ɗaya a Islamiyya, ɗaya wurin kaka. Kakar ce ma za ka fi zama da ita, cikin ladabi, don ita ce mai cewa "ɗan kaɗan ba zai yi komai ba, a haka zai saba." Ba a saba da shi a gida. Inda ake yin irin wannan gwaji, a asibiti ake yi da allura a gefe.

Kada tsoro ya sa a kori gyaɗa daga gida

Uwar yaron nan ta tambaye ni ko ta hana jaririn da ke bayanta gyaɗa tun yanzu. Shekarun baya da an ce mata eh. Amma a 2015 aka wallafa wani babban bincike da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, kan jarirai 640 masu tsananin ƙyasbin fata ko alejin ƙwai. An raba su biyu, wasu ana ba su gyaɗa tun kafin su cika shekara, wasu an hana su har shekara 5. Waɗanda aka ba da wuri sun samu raguwar alejin gyaɗa da kusan kashi 80 cikin 100. Tun daga nan ƙasashe da dama suka sauya shawararsu.

Wato kunun gyaɗar da iyayenmu ke fara ba yaro bayan wata shida na nono zalla ba kuskure ba ne. A dama shi da laushi, a fara da kaɗan, da safe, ranar da yaro ke da lafiya. Sai dai jaririn da fatarsa ke da ƙyasbi mai tsanani, ko ya taɓa kumbura da ƙwai, ko kuma kamar wannan da yayansa ke da matsalar kuma hankalin uwa bai kwanta ba, a fara ganin likita. Gyaɗa abinci ce mai gina jiki da araha. Abincin leda da ake ceto yara masu tamowa da shi ma da ita ake yi.

Abin da ya kamata kowa ya ji tsoro a gyaɗa, mai aleji da marar shi, shi ne fumfuna. Gyaɗa da masarar da suka sha danshi a ajiya suna haifar da gubar afulatoksin, mai lalata hanta har ta kai ga kansa, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Suya ba ta kashe ta. Idan kin auno a kasuwa ki baza a faifai, ki tsince duk wadda ta motse, ta canza launi ko ƙwaro ya huda, ki zubar; kada ki ce ta yi ƙuli. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe da manoma ke watsawa a gona don rage wannan guba, amma ke a kicin tsincewa ce makaminki.

Saura ke 'yar uwa mai sana'ar kek da cincin da donot a gida, kina kai wa shaguna da makarantu. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15 a Ingila, Natasha, ta rasu bayan ta ci burodin da ta saya a filin jirgi, wanda aka cuɗa riɗi a cikin ƙullunsa ba a rubuta a jikin ledar ba. Iyayenta suka yi ta fafutuka har aka yi doka da sunanta, ta fara aiki a Oktoban 2021, wadda ta tilasta rubuta duk abin da ke cikin abincin da aka naɗe a shago. Ke ba sai kin jira doka ba. Takardar da kike liƙa lambar wayarki a jikin roba, ki ƙara mata layi ɗaya: akwai fulawa, ƙwai, madara, an soya da man kaza. Idan uwa ta tambaye ki ko akwai gyaɗa, kuma a kasko ɗaya kike soya komai, ki ce mata a kasko ɗaya kike soyawa. Idan kuma za ki karɓi odar mai aleji, ki yi nasa da farko da safe kafin ki buɗe ƙwai ko madara, da wankakkun kwanuka da sabon mai, ki rufe, ki rubuta sunansa a murfin.